Wane keke da wane zare ne za su iya da tampol?

Auwalu Tela, Kurna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Sana'ata ɗinkin kaftani da 'yar shara, amma tun bayan Babbar Sallah kasuwa ta yi sanyi, sai masu adaidaita sahu na layinmu suka fara kawo min aikin labulen gefe da rigar kujera. Jiya ma wani ya kawo rumfar biki a sake mata baki. Kekena biyu ne, Butterfly na ƙafa da Juki DDL-8700 na lantarki. In tampol ninki biyu ne suna tafiya, amma da na zo kusurwa, inda ya zama ninki huɗu ga bel a ciki, sai zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ko ɗinki ya riƙa tsallake, ko allura ta karye. Shin sai na sayi wani keken ne, ko akwai dabara? Sannan wane zare ya dace? Na ga na nailan mai ƙyalli a Ƙofar Wambai, ana ta yabonsa.

Musa mai gyaran keke, Fagge:
Wa alaikumus salam. Auwalu, allura lamba nawa kake sawa, kuma da wane zare?

Auwalu Tela, Kurna:
Lamba 16, Yaya Musa. Zaren kuwa namu ne na kaftani, 40/2, sai in ninka shi biyu a sama don ya yi ƙarfi.

Musa mai gyaran keke, Fagge:
To daga nan rabin matsalar ta fito. Zare biyu a ido ɗaya ba sa tafiya tare, ɗaya yana riga ɗaya, sai ƙugiyar da ke ƙasa ta kama guda ta bar guda. Shi ne cukurkuɗewar da kake gani. Daina ninkawa tukuna.

Sauran rabin kuwa keken ne. DDL-8700 keke ne mai kyau ƙwarai, amma an yi shi ne don yadi marar nauyi zuwa matsakaici, gudunsa ya kai ɗinki 5,500 a minti ɗaya, allurarsa DBx1, kuma iyakarta a wannan samfurin lamba 18. Haƙoran ƙasa ne kaɗai ke jan yadi, ƙafar sama dannewa kawai take yi. In ka hau tudun ninki huɗu sai ƙafar ta karkace, gabanta a sama bayanta a ƙasa, haƙora su kasa ja, kai kuma ka taimaka da hannu. Da ka ja, allura ta lanƙwashe ta daki farantin ƙasa. Haka allura ke karyewa, kuma haka ake ɓata saitin keke. A sati ba na rasa irin wannan gyaran a shago.

Nura mai kekuna, Sabon Gari:
Maganar gajeriya ce. Keken 'yan kushin zai saya, mai ƙafa biyu da ke takawa suna jan kaya daga sama. Akwai Typical GC0303, shi ne mafi yawan masu kujera ke amfani da shi. In aljihu da nauyi, Juki DNU-1541. Duk wata dabara ɓata lokaci ce.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Nura, yi a hankali. Yaro bai gama faɗin damuwarsa ba ka ɗora masa bashin keke.

Auwalu ɗana, saurare ni. Tun ina saurayi nake ɗinkin tampol na manyan motoci, masu ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Kudu. Abin da ke dawo da aiki shago ba keke ba ne, zare ne. Je ka bakin titi ka tsaya ka kalli adaidaita sahu da ke wucewa. Za ka ga labule yana lilo, ledar lafiyarta ƙalau, amma ɗinkin ya buɗe tun daga sama har ƙasa. Taɓa zaren da yatsa, sai ya zama gari. Rana ce ta cinye shi. Ranar Kano ta watan Afrilu, wadda zafi ke haura 40, ita ce alƙalin aikinmu, kuma zaren da ke kwance a saman ɗinki shi take fara samu.

Wannan na nailan mai ƙyalli da kake magana, ranar da ka ɗinka ya fi kowane zare ƙarfi, ko ka ja da hannu sai ya yanke ka. Amma ba ya jure rana. Kuma yana shan ruwa, in ya jiƙe ya saki, in ya bushe ya koma. Kayan da za su kwana su wuni a waje, zaren foliyesta ake sa musu, mai danƙo a jiki wanda ba ya warwarewa in an yanke shi. Ko da keken miliyoyi ka ɗinka, in zaren bai dace ba, damina ɗaya da bazara ɗaya mai kaya zai dawo yana kiran sunanka.

Hajiya Rabi mai jakunkuna, Gyaɗi-Gyaɗi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi wa nailan adalci. Ni da shi nake ɗinka jakar makaranta da ta tafiya, kuma ban taɓa samun ƙorafi a kan zare ba. Hannun jaka yana son zaren da zai ɗan miƙe in yaro ya fizga, kuma nailan ya fi jure gogayya. Kada yara su karanta su ɗauka zaren banza ne.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Hajiya, ban musa ba. Jakarki tana kwana a ɗaki. Takalmi, jaka, kujerar falo, duk nailan ne sarkinsu. Ni maganar abin da ke zaune a rana nake yi.

Hajiya Rabi mai jakunkuna, Gyaɗi-Gyaɗi:
To rigar kujerar adaidaita fa? Tana ƙarƙashin rumfa ai.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Gefenta yana shan rana safe da yamma, kuma ana wanke ta kullum da omo. Ni foliyesta zan sa. Amma in ya sa nailan a nan ba zan ce ya yi ɓarna ba. A labule da rumfa ne ba na sassauci.

Auwalu Tela, Kurna:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To ta yaya zan bambanta su a kasuwa? Duk ƙyalli suke yi, kuma wani kon ɗin babu rubutun da mutum zai gane.

Injiniya Bashir, Sharaɗa:
Bari in sa baki, da yake na yi aiki a masaƙa. Ka tafi da ashana ko laita. Yanki ɗan guntu ka ƙona. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Nailan yana narkewa ya janye daga wuta, hayaƙinsa fari-fari ne kuma kaɗan. Foliyesta shi ma yana narkewa, amma hayaƙinsa baƙi ne, ya bar ɗan dunƙule mai tauri. Gwada da zaren da ka tabbatar da shi tukuna, don idonka ya saba.

Sai maganar lambobi, don a nan ake ruɗa mutane. Lambar da ta fi sauƙin ganewa ita ce Tex, wato nauyin mita 1,000 na zaren a giram. Tex 70 na nufin mita 1,000 ya kai giram 70. Lamba na hawa, zare na ƙara kauri. Zaren kaftaninka 40/2 bai wuce Tex 30 ba, ka ga nisan da ke tsakani. Kon da yawa da ke shigowa daga Sin za ka ga an rubuta 210D/3. Wannan D ɗin nauyin mita 9,000 ne, silli uku aka murɗe, in ka lissafa ya faɗo daidai Tex 70. Shi kuma 210D/2 yana wajen Tex 45. Amurkawa suna rubuta V-46, V-69, V-92, V-138, waɗanda suka yi daidai da Tex 45, 70, 90 da 135.

Kowanne da allurarsa. Tex 45 lamba 14 ko 16. Tex 70 lamba 16 zuwa 18. Tex 90 lamba 18 zuwa 20. Tex 135 sai lamba 22 ko sama. In kana shakka, zura zaren a idon allurar kafin ka ɗaura ta, ka riƙe bakin zaren biyu ka karkata shi. In allurar ta silale da nauyin kanta, sun dace. In ta maƙale, ta yi ƙanƙanta, zaren zai riƙa tsefewa yana tsinkewa.

Musa mai gyaran keke, Fagge:
Madalla da Injiniya. Ka ga abin da wannan ke nufi a wurinka, Auwalu: Tex 70 da allura lamba 18 shi ne iyakar kekunanka biyu. Labulen adaidaita da rigar kujera za su yiwu da haka. Buɗe tsawon ɗinki zuwa ƙarshe, milimita 5 a Juki ɗinka, don ɗinki ƙanana a leda layin yagewa kake yi mata. Ƙara tenshan na sama, wato abin da ke matse zare, har ƙullin ya shige tsakiyar kaya. In ka zo kusurwa, fara bubbuga ninkin da guduma a kan katako ya kwanta, sannan ka naɗe ƙyalle ka cusa a bayan ƙafar don ta daidaita, ka juya keken da hannu ɗinki ɗaya-ɗaya har ka sauka. Kuma ka ware ƙoshiya guda, wato gidan da zaren ƙasa ke zama, ta aikin tampol kaɗai, ka saita sukurinta sau ɗaya ka bar ta. Kada ka riƙa kwance wadda kake kaftani da ita.

Nura mai kekuna, Sabon Gari:
Duk wannan wahalar a kan kusurwa ɗaya? Labule nawa zai gama a rana? Malam Musa, kai da kanka ka ce haka ake ɓata saiti. In ya kashe Juki ɗinsa, da me zai yi ɗinkin Ƙaramar Sallah?

Musa mai gyaran keke, Fagge:
Ai ban ce ya dawwama a haka ba. Cewa na yi ya fara da abin da ke hannunsa, ya ga ko aikin zai ɗore. Rumfar bikin ma ban ba shi shawarar ya karɓa ba, wannan tana son Tex 90 zuwa sama.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Rumfar ka kawo min shago, Auwalu, mu yi ta tare a kekena, ka ga yadda ake sa bel a kusurwa da yadda ake buga zoben igiya. Kuɗin aikin naka ne.

Nura yana da gaskiya a wuri ɗaya: in aikin ya zama sana'a, babu makawa sai keke mai takawa. Amma ka san abin da za ka saya. Akwai wanda ƙafar sama da haƙoran ƙasa ne ke ja, kamar GC0303 da Nura ya ambata. Akwai kuma wanda allurar ma tana tafiya da kayan, abu uku suna ja lokaci ɗaya, irin DNU-1541 da tsohon Singer 111W. Wannan na biyun ninki ba ya zamewa a cikinsa ko kaɗan, shi DNU-1541 ɗin kuma ɗinkinsa yana kai milimita 9, allurarsa 135x17, kwarkwaronsa da ake naɗa zaren ƙasa babba ne, ba ka tsayawa naɗi kowane lokaci. Mai ɗinka mita goma a miƙe shi ya san darajar babban kwarkwaro. Ni nawa Singer 45K ne, wanda aka ƙera a Kilaidbank ta ƙasar Sikotlan. Masana'antar ta rufe tun 1980, keken yana nan yana huda bel ninki uku. Ba ya gudu, amma aikin tampol ba ya son gudu.

Auwalu Tela, Kurna:
Allah ya saka da alheri, Baba. Wallahi ban zaci haka ba. In sha Allahu zan zo.

Sadiya, Hotoro:
Don Allah a taimaka da lambar mai koyar da ɗinkin jaka.

Shugaban zaure:
Sadiya, ki tuntuɓi Hajiya Rabi ta gefe. A bar wannan zaren maganar a kan batunsa.

Malama Hadiza, Gwale:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni, tambayata ta ɗan karkata amma keke da zare ne dai. Ina koyar da kimiyya a firamare. Kowace shekara in hunturu ya shigo yarana suna yin jirgin leda da tsinken tsintsiya, mu tashe shi a fili, in yi musu bayanin yadda iska ke ɗaga abu. Matsalar ita ce rana ɗaya yake yi ya yage. Bana ina so in ɗinka manya guda biyar ko shida da yadi, masu kusurwa uku, waɗanda za mu ajiye shekara da shekara. Na gwada da yadin tsohuwar lema a Butterfly ɗina, sai ɗinkin ya tattare, yadin yana zamewa. Shin keken 'yan kushin ɗin nan ne zai yi min, tunda an ce ba ya bari ninki ya zame?

Nura mai kekuna, Sabon Gari:
Zai yi mana, Malama. Abin da ya ɗinka tampol ai ba zai gagara a kan lema ba.

Musa mai gyaran keke, Fagge:
A'a, Nura, wannan kam ba haka ba ne. Malama, kada ki kusanci wannan keken da yadin lema. Haƙoransa manya ne, ramin farantinsa mai faɗi, ƙaramar allurarsa ma ta yi wa yadin girma. Zai tura yadin cikin rami ya tauna shi. Aikinki kishiyar na Auwalu ne. Shi kauri ke damunsa, ke santsi da rashin nauyi.

Injiniya Bashir, Sharaɗa:
Malama, wannan batu yana burge ni, don na daɗe ina karanta yadda masu yin sa a ƙasashen waje ke aiki. A Sin akwai birnin Weifang da ke bikinsa duk watan Afrilu tun 1984. Yadin da suka fi amfani da shi nailan ne ko foliyesta marar nauyi, wajen giram 40 a murabba'in mita, an saƙa shi da zare mai ɗan kauri a tsakani, in kin duba za ki ga ƙananan gidaje kamar na littafin lissafi. Amfanin gidajen shi ne in ya fara yagewa sai ya tsaya a layi na gaba. In ba ki samu ba, yadin lema da kika ɗauko zaɓi ne mai kyau, haka ma yadin tsohuwar rigar ruwa marar kauri da ake samu a gwanjo.

Ga abin da ke hana shi tattarewa. Allura ƙarama kuma sabuwa, lamba 11 ko 12. Zaren foliyesta siriri, Tex 30 ya isa, na Auwalu na kaftani ma zai yi in mai kyau ne. Sassauta tenshan na sama, ki rage dannawar ƙafa ta sukurin da ke saman kan keken. Tsawon ɗinki milimita 3 zuwa 4. Kada ki sa fil, kowane huji a wannan yadin ya zauna ke nan. Ki manne ninkin tukuna da siririn salatif mai danƙo gaba da baya, ko gam na sanda irin na 'yan makaranta, sannan ki bi da ɗinki. Da an manne, zamewa ta ƙare. In allura ta fara ɗaukar danƙo ki goge ta da ɗan man keke a ƙyalle.

Yanka kuma, maimakon almakashi ki ari ƙarfen soda na masu gyaran rediyo, ki shimfiɗa yadin a kan gilashi ki bi layi da shi. Yana yanka yana narka bakin, ba zai tsefe ba. Ki yi a waje saboda hayaƙin. Kuma ki lura da tsayuwar saƙa: gefen baya na jirgin, wanda babu sanda a jikinsa, ya bi miƙaƙƙen zaren yadin. In ya faɗa a karkace zai miƙe ya riƙa kaɗawa.

Hajiya Rabi mai jakunkuna, Gyaɗi-Gyaɗi:
Na taɓa ganin hotonsu, ɗinkin duk zigzag ne. Butterfly kuma miƙaƙƙe kaɗai yake yi. Ba sai ta nemi Singer 20U ba?

Injiniya Bashir, Sharaɗa:
Gaskiya ne, Hajiya, sun fi son zigzag, musamman mai taku uku, don yana miƙewa tare da yadi in iska ta cika shi, kuma yana raba hujin a wuri mai faɗi. Amma 20U zigzag mai taku ɗaya yake yi, mai taku uku ana samunsa a wasu kekunan gida na lantarki. Don jirgin yara mai faɗin mita ɗaya da rabi, miƙaƙƙen ɗinki ya wadatar, in ta kwantar da haɗin ta bi shi sau biyu kamar gefen wandon jins. Inda ya kamata ta kashe lokaci shi ne hanci, da aljihun da bakin sanda ke shiga, da wurin ɗaura igiya. Nan ne yake fara mutuwa. Ta ƙara ƙyalle mai ƙarfi a wuraren.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Malama, aiko yaro shago ya ɗebi ragowar kambas da siririn bel, suna nan jibge. Su za ki sa a hancin.

Malama Hadiza, Gwale:
Na gode ƙwarai, Baba. Injiniya, Allah ya ƙara basira. Saura sanduna da igiyar tashi. Na yi tunanin in sayi zaren nailan ɗin da Hajiya ta yaba, tunda yana da ƙarfi.

Injiniya Bashir, Sharaɗa:
Don Allah kada ki ba yara wannan. Siriri ne kuma ba ya tsinkewa da wuri, in iska ta fizga zai yanka yatsa, in kuma ya faɗo ya gitta titi zai iya samun wuyan mai babur. A Indiya, inda ake bikin tashinsa ranar 14 ga Janairu, irin wannan zaren na roba da ake shafa wa garin gilashi ya kashe mutane da tsuntsaye, har kotun kula da muhalli ta ƙasar ta haramta shi a 2017. Ki nemi igiya kitsattsiya mai laushi da ɗan kauri, irin ta magina da suke ja layi, ki naɗe ta a katako mai faɗi yadda yaro zai riƙe katakon ba igiyar ba. Sanduna kuma gora da aka fere, ko na faiba da ke cikin wasu gidajen sauro masu naɗewa. Ki duba da kyau, wasu na ƙarfe ne, kada ki sa ƙarfe.

Musa mai gyaran keke, Fagge:
Kuma a nisanci wayoyin wuta. In ya maƙale a waya a bar shi, kada yaro ya hau ko ya sa sanda. Mu da ke kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ma ba wurin tashinsa ba ne sam. Iskar Disamba da Janairu ta ishe ku, ban da guguwar farkon damina mai tsawa.

Sani Kushin, Tal'udu:
Na shigo a makare. Ina so in koma kan Auwalu, don akwai abin da ba a faɗa ba. Duk wannan magana ta zare, shi tampol na roba mai santsi ai ba ɗinka shi ake yi a masana'anta ba, narka shi ake yi da iska mai zafi a haɗe. Duk inda allura ta shiga ruwa zai bi. Rumfar da aka ɗinka a tsakiya, in ruwan Agusta ya sauka, a kan baƙi zai ɗiga. Ni na sayi bindigar zafi da abin murzawa, haɗin tsakiya da su nake yi.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Sani, haɗin tsakiya na yarda da kai, in robar ce. Amma kambas na auduga ba ya narkewa, shi in ya jiƙe kumbura yake ya toshe hujin da kansa. Kuma ko a robar, baki da kusurwa da wurin bel dole sai ɗinki, zafi ba ya riƙe bel in iska ta ɗaga rumfa. Wanda ba shi da bindiga, ya ɗora ninkin yadda na sama zai rufe na ƙasa ta inda ruwa ke gangarowa, ya sa allura mafi ƙanƙanta da zaren zai iya wucewa, sannan ya bi layin da gam ta ciki.

Sani Kushin, Tal'udu:
Gam yana ɓarewa in ya sha zafi, Baba.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Wanda aka shafa a kan ƙura yana ɓarewa. A wanke, a bari ya bushe, a yi amfani da gam ɗin da aka yi don robar. Amma zo da bindigarka ran da Auwalu zai zo, mu gwada a ƙyalle biyu mu zuba ruwa mu gani.

Sani Kushin, Tal'udu:
Na amince. Wani abu kuma, Auwalu, duk keken da za ka saya nan gaba, ka ce a sa maka sabon moton nan da ake kira servo, wanda ba ya juyawa sai ka taka. Tsohon moto mai kulochi yana ta gurnani yana shan wuta ko ba ka ɗinki, kuma da ka taɓa shi sai ya zabura. Sabon kana iya rage gudunsa ya riƙa tafiya ɗinki ɗaya-ɗaya, ga shi ƙaramin sola yana ɗaukarsa. Da yanayin wutarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko a Juki ɗinka na yanzu za a iya sa shi.

Musa mai gyaran keke, Fagge:
Wannan shawara ce mai kyau. In ma aka sa masa ƙaramin fuli, wato ƙaramar tayar da ke bakin moto, ƙarfin hudawa zai ƙaru, gudu ya ragu.

Nura mai kekuna, Sabon Gari:
Moton akwai shi, mai wat 550 da mai 750. Amma ina nan a kan bakana, kafin shekara ta zagayo zai zo neman mai takawa. Araha ba ta ado.

Hajiya Rabi mai jakunkuna, Gyaɗi-Gyaɗi:
In ya zo lokacin, da kuɗin tampol zai saya, ba da bashi ba. Auwalu, in za ka sayi keke na hannu, ka tafi da guntun tampol ɗinka da bel da zarenka, ka ninka huɗu ka ɗinka a gaban mai shago. Kada ka yarda da ƙyallen da shi zai miƙo maka. Juya bayan ɗinkin ka duba, kuma ka gwada komawa baya, don a nan tsofaffin kekuna ke nuna gajiyarsu.

Auwalu Tela, Kurna:
Na fahimta, Hajiya. Yanzu dai zan nemi foliyesta 210D/3 da allura lamba 18 da ƙoshiya ta daban. Baba, wane launi zan ɗauka? Labulen ruwan ɗorawa ne, na so in sa fari.

Baba Ɗanladi mai tampol, Ƙofar Ruwa:
Ɗauki baƙi. A abin da na gani, baƙin zare ya fi fari daɗewa a rana, kuma ba ya nuna dattin titi. In mai kaya ya nace sai kalar labulen, sa masa, amma ka faɗa masa gaskiya tun farko. Kuma kada ka ajiye kon ɗin a bakin taga, sa shi a leda cikin akwati, ƙurar hunturu tana shiga zare ta bi shi har cikin tenshan.

Asabar bayan La'asar nake da sarari. Ka zo da rumfar da bel ɗinta, Sani ya zo da bindigarsa. Malama Hadiza, yaronki ma ya zo lokacin ya karɓi kambas ɗin.

Malama Hadiza, Gwale:
In sha Allahu zai zo, Baba. Injiniya, in na yanka na farko zan turo hoton kafin in ɗinka, ka duba min ko tsayuwar saƙar ta yi daidai.

Injiniya Bashir, Sharaɗa:
Turo, Malama. Ki ɗora ruler a gefensa in kin ɗauka, don in ga girman aljihun sandunan.